Zaren da Bai Ƙulle Ba

Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai yanka makulli da ƙofar baya ta kantin magani. Idan ya miƙa hannuwansa biyu yana taɓa bangon nan da na can. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana zaune a wurin, kuma kaf layin ba mai kiransa da wani suna sai Mai Takalmi. In mutum ya tsaya gabansa, ƙasa yake fara kallo kafin fuska. Daga yadda dunduniya ta cinye yake gane mai yini a tsaye, da direba, da wanda ya fara jan ƙafa bai gaya wa iyalinsa ba. Ya taɓa ce wa wani akawu ya je a duba masa ƙugu. Akawun ya ji haushi ya kwashe takalmansa. Bayan wata huɗu ya dawo yana dogara sanda, ya zauna a benci ya miƙo takalmansa.

A ƙarƙashin teburinsa akwai akwatin ƙarfe cike da kwalaye, kowanne da zanen tafin ƙafa da kwanan wata. Goma sha tara daga ciki na ɗansa ne, wanda shi kaɗai Allah ya ba shi, tun daga zanen da bai kai tafin hannu ba har zuwa shekarar da ƙafar ta daina girma. Yaron ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, bayan jinyar kwana tara. Uwarsa ta riga shi da daɗewa. Mai Takalmi ya rufe rumfa mako guda, ya buɗe, bai sake ɗauko maganar da kowa ba.

Yaron ya bar mata da 'ya ɗaya. Matar malamar lissafi ce, karatu ya kawo ta daga wata ƙasa, aure ya zaunar da ita. Malama yake ce mata, ita kuma ta ce Baba. 'Yar tana da shekara biyar a lokacin. Tana tafiya tana buɗe ƙafafu waje kamar ubanta, shi ya sa ya laƙaba mata Agwagwa, ita kuma ta rama da Tsoho.

Da farko duk Asabar ake kawo ta. Sai Malama ta koma wani gida kusa da makarantar da take koyarwa, mota biyu ake hawa kafin a zo. Zuwan ya koma bayan mako biyu, ya koma wata-wata, wani watan ma ya wuce shiru. Ba faɗa aka yi ba, hidima ce ta yi yawa. Ran nan sai ga su ranar Talata da la'asar, ba zato, saboda takalmin makarantar yarinyar ya buɗe baki. Ya karɓa ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo.

Gam ba ya kama fata sai an kankare ta ta yi kaushi, ɗinki kuma ba ya zama sai an ƙulle zaren a ƙarshe. A ranar ya kankare ko'ina, ya bar faɗin yatsa uku a wajen baki. Ya jera ɗinkinsa mai kyau, da ya zo ƙarshe ya yanke zaren bai ƙulle ba. Bayan kwana ashirin da biyar suka dawo.

Shekara huɗu ana haka. Mutumin da duk layi ya shaida aikinsa ba ya dawowa, takalmi ɗaya ya gagare shi. In sun zo sai ya riƙe haɓa ya ce, "Wannan ƙafa taki sai takalmin ƙarfe, Agwagwa. Tafiya kike yi da ita ko noma?"

"Idonka ne ya mutu, Tsoho, ka ƙi yarda."

Sai ta haye benci da safa tana ba shi labarin 'yan ajinsu, shi kuma yana jan aikin minti goma har ya cinye awa guda.

A farkon dogon hutun shekarar da yarinyar ta cika tara, Malama ta zo ita kaɗai da takalmin a leda.

"Baba, za mu je gida wurin mahaifina, mako biyu. Ina so ku zo mu tafi tare. Na karɓo muku takardun fasfo." Ta ajiye ledar a kan teburi. "Wannan kuma a gyara shi da kyau."

Ya ce to. Bayan ta tafi ya zauna yana juya maganar. Takalmin makaranta, ana hutu? Mai zuwa gaida kaka silifas ya ishe shi. Ga kuma "da kyau", kalmar da ba ta taɓa haɗawa da takalmin nan ba. Shi da bai taɓa tsallaka iyaka ba, me ake nema da shi a gidan surukai? Sai dai in akwai maganar da ake so a faɗa masa a inda ba zai iya cewa a'a ba, a ɗakin mutane, da abincinsu a cikinsa.

Ya gyara takalmin. Wannan karon faɗin yatsa huɗu ya bari, don ko ina aka kai yarinyar a san ba a rabu da shi ba. Ya naɗe basilla da zare da kakin goga zare da gwangwanin gam a tsumma, ya cusa a ƙasan jakarsa.

Kwana ɗaya da yini suka yi a mota. A kan iyaka ma'aikaci ya zaro basillar daga jaka ya ɗaga ta.

"Baba, wannan fa?"

"Abin aikinsa ne," in ji Agwagwa. "Ko wanka da ita yake shiga."

Ma'aikacin ya yi dariya ya mayar. Mai Takalmi bai yi ba, don idonsa yana kan jakar takardun Malama. Da ta buɗe za ta ciro takardar haihuwar yarinyar, ya hango wasu masu tambarin makaranta an jera su aji-aji. Bai yi boko mai nisa ba, amma ya san takardar sakamakon jarrabawa, tunda shi ake kawo wa ya sa albarka duk ƙarshen zango. Kuma bai taɓa jin an tsayar da yaro a iyaka an tambaye shi na nawa ya zo a aji ba.

Mahaifin Malama tsohon mai rabon wasiƙa ne, shekara talatin da biyu ya yi yana zaga unguwanni a ƙasa. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a hawa na biyu na wani gida, matakala talatin da huɗu. A bakin ƙofa ya tarye su, dogo, mai yawan fara'a, ya rungume jikar da rabonsa da ita tun tana goye. Mai Takalmi ya gaisa, idonsa ya sauka ƙasa kamar yadda ya saba. Ƙafafun sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Silifas ɗin an tsaga su da wuƙa ta sama don ƙafar ta shiga, kuma na hagu ya cinye ta gefen ciki, alamar jan ta ake yi. Ya ɗauke kai da sauri. Ba wannan ya zo gani ba.

Abin da ya zo gani yana ƙarshen baranda: ƙaramin ɗaki mai warin sabon fenti, da ɗan gado, da teburin karatu a jikin taga.

"Na baƙi ne," in ji Mai Wasiƙa.

"Baƙinku 'yan karatu ne ke nan," in ji Mai Takalmi.

"Wasu."

Suka yi wa juna murmushi. Mai Takalmi ya lura fentin bai kai rufi ba, an bar kamar kamu biyu daga sama duk kewayen ɗakin, amma bai tambaya ba.

Kwana huɗu yana zaune a falo kamar mai gadi. Yarinyar Kaka take ce wa wancan, shi kuwa yana nan a Tsohonsa, abin da bai taɓa damunsa ba sai yanzu. Da safe Mai Wasiƙa zai zaunar da ita a taga yana nuna mata titi gida-gida: lamba goma sha biyu mai karen da ya yaga masa wando sau uku, lamba ashirin inda wata mata ta yi shekara shida tana fitowa tarar wasiƙar da ba ta zo ba, gidan da ke kusurwar titi inda aka haifi uwarta. Tana dariya har da riƙe ciki. In Malama da ubanta suna magana a kicin ya shigo, sai maganar ta koma kan tsadar albasa. In waya ta yi ƙara, Malama baranda take fita. Ya fara tsarguwa da komai, har da yadda ake cika masa kofin shayi tun bai shanye ba.

Ya ja yarinyar gefe. "Agwagwa, me ake ƙullawa a gidan nan?"

"Mama ta ce ita za ta faɗa maka."

"Faɗa mini me?"

"In na faɗa ai na faɗa ke nan, Tsoho. Kai ma ka cika wayo."

A rana ta biyar da hantsi ta fito da farar riga, an gyara mata kai, da takalmin makaranta a ƙafarta. Yana jin sautinsu ita da uwarta suna sauka. Ya san ƙarar takalmin da ya kusa saki, kuma ya ji ta tun daga hawa na farko.

Sun dawo kafin azahar. Ƙarar da ta riga su hawowa ta ishe shi bayani: taf, taf, taf. Yarinyar ta shigo idonta jawur, ƙasan takalmin dama yana reto har tsakiya.

"A gaban kowa!" ta ce. "Zauren nan mai tsawo, ga yara a zaune, ga shugabar makaranta tana jira, ni kuma ina jan ƙafa. Wata ta ce takalmina yunwa yake ji. Ni wace irin ƙafa ce da ni?"

Ta fizge takalmin ta jefar, ta shige ɗakin fenti. Uwar ta bi ta.

Mai Takalmi ya yunƙura zai ɗauka, sandar Mai Wasiƙa ta riga shi. Tsohon ya jawo takalmin, ya ɗora a cinya, ya sa tabarau. Ya daɗe yana bin ɗinkin da farce.

"Takalmi uku nake cinyewa a shekara lokacin ina aiki," ya ce a hankali. "Ba irin hannun da ban gani ba. Wannan hannun gwani ne. Ɗinki bakwai a tsawon gaɓar yatsa, ba wanda ya fi wani." Ya buɗe bakin takalmin. "Amma nan santsi ne, ba a kankare ba. Ga kuma bakin zare a sake. Mai koyo yakan manta da ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya manta da biyun a wuri ɗaya ba."

"Gam ɗin yanzu ba shi da kyau."

"Haka ne. Zaren yanzu ma ba ya son ƙulli."

Mai Takalmi ya taso masa. "Kai kuma ɗakin can na baƙi ne? Kun kawo ni ne in sa hannu a ƙwace mini jika, ana cika ni da shayi?"

"Ɗakin nata ne," in ji Mai Wasiƙa, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Na shafa fentin tun uwarta ba ta ce eh ba. Har yau ma ba ta ce ba. A zaune na shafa, kan kujera, kwana goma sha ɗaya. Inda hannuna ya tsaya ka gani, na ga kana kallo." Ya miƙa masa takalmin. "Ba zan faɗa mata ba. Ba aikina ba ne buɗe wasiƙar wani."

"Ba sai an faɗa mini ba."

Malama ce a bakin ƙofa. Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun surukinta, ta sunkuyar da kai.

"Baba, tun karo na uku na gane. Lissafi nake koyarwa. Bai taɓa gaza kwana ashirin da uku ba, bai taɓa wuce ashirin da takwas ba."

Mai Takalmi ya ajiye takalmin. Can ya ce, "Me ya hana ki kai wa wani?"

"Ni ma ina buƙatar abin da zai tilasta mini. Zuwa rumfar nan ba ya mini sauƙi. In kun sunkuya kuna ɗinki, ƙeyarku irin ta ɗanku ce." Ta ɗago kai. "Shi ya sa wannan karon na ce da kyau. Na ɗauka za ku ji."

Ya ji. Abin da ya yi da jin ne ba shi da bakin faɗa.

Ta ce makarantar ta karɓi yarinyar, duk da takalmin, ita ma an ce akwai gurbin koyarwa. Ba ta amsa ba tukuna. Tana tunanin ta bari sai bayan shekara guda, ko biyu, yarinyar ta ƙara wayo.

"In na tambayi mahaifina ya ce lafiyarsa ƙalau. Likita ya ce a ci gaba da magani a gani. Kowa lallaɓa ni yake yi. Ku kuwa ba ku taɓa kallon ƙafar mutum kun faɗi abin da ba shi ba. Ban kawo ku don a yi muku dabara ba, Baba. Na kawo ku ku duba mini. Shekara nawa zai ƙara yana hawa matakalar nan shi kaɗai?"

"Kai, 'yar nan," in ji Mai Wasiƙa, "ina zaune ake cinikina?"

Ba wanda ya yi dariya. Mai Takalmi ya fahimci abin da aka ɗora masa a hannu. In ya ce shekara biyu, za ta yarda, ba ta da dalilin ƙin yarda. Shekara biyu na benci da safa da labarin 'yan aji. Kalma biyu ce kawai, ta fi barin zare a sake sauƙi.

Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya durƙusa, ya zare silifas ɗin tsohon. Ya danna babban yatsa a saman ƙafar, ya ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba. Ya juya silifas ɗin hagu ya duba inda ya cinye. Ya duba gefen yatsun, inda fata ta canza launi.

"Yaushe rabonka da sauka ƙasa?"

"Shekaranjiya."

"Ƙasan silifas ɗin nan ba ƙurar titi. Yaushe?"

Mai Wasiƙa ya kalli taga. "An yi mako uku."

Mai Takalmi ya juya wajen surukarsa, amma bai kalli fuskarta ba. "Ba shekara ba ce, Malama. Ki gama zangon da za a shiga, ki tattaro ki dawo. Kuma ki nemi gida a ƙasa. Yatsun nan a kai su asibiti gobe, ba jibi ba."

Ta rufe fuska da gyale. Shi kuma ya dafa teburi ya miƙe, ya nufi ɗakin fenti, don akwai sauran aiki.

Yarinyar tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ya tsaya a bakin gado.

"Ba ƙafarki ba ce," ya ce. "Ƙafarki lafiya lau take, irin ta ubanki ce, shi kuwa takalmi ɗaya yake shekara da shi. Ni ne nake barin zaren a sake, don a riƙa kawo ki."

Ta juyo ta zuba masa ido. "Duka? Har na ranar wasannin makaranta?"

"Har shi."

"Ka ce noma nake yi da ita."

"Na faɗa."

Ta mayar da fuskarta bango. Yini biyu ba ta yi masa magana ba. In za ta ba shi ruwa, sai ta ajiye a teburi ta ce wa kakanta na wajen uwa, "Kaka, ka ce wa baƙonka ga ruwa."

A rana ta uku da safe ya shimfiɗa tsummansa a baranda. Ya ɓare ƙasan takalmin gaba ɗaya, ya kankare tun daga dunduniya har baki, ya shafa gam ya ajiye ya sha iska. Yana jira, sai ya yanka kwalin sabulu gida biyu, ya sa Mai Wasiƙa ya taka, ya bi gefen kumburarrun ƙafafun da fensir. Ya ce zai ɗinko masa na fata mai laushi, mai maɗauri, a daina yi wa silifas yankan rago.

"In ka bar zaren a sake zan sani," in ji Mai Wasiƙa.

"Kai wa yake so ka riƙa zuwa masa?"

Dariyar da suka yi ce ta fito da yarinyar. Ta tsaya daga nesa, ta matso, ta tsuguna. Da ya fara ɗinki ya miƙa mata kaki, ta karɓa tana goga wa zaren kamar yadda ta sha gani. Da ya zo ƙarshe ya tsaya.

"Kawo yatsanki. Danna nan."

Ta danna. Ya zagaya zaren sau biyu, ya ja ya ƙulle, ya sake ƙullewa, sannan ya yanke. Ta ɗauki takalmin ta ja bakinsa da hannu biyu iya ƙarfinta. Ko motsi bai yi ba.

"Wannan ba zai buɗe ba, Tsoho."

"Sai dai ki fi ƙarfinsa."

"To wata ukun da suka rage, da me zan riƙa zuwa rumfa?"

"Da ƙafarki."

Ta zo, duk Asabar, har zangon ya ƙare. Wani lokaci uwar takan zauna a benci ita ma, tana gyaran takardun ɗalibai, ba ta cika ɗaga kai ba.

Yanzu shekara biyu ke nan da tafiyarsu. Mai Takalmi yana nan ƙarƙashin matakala, ya ƙara tabarau, aikinsa ba ya dawowa. Ya tsallaka iyaka sau uku, ma'aikatan sun daina tambayar basilla. Duk bayan wata huɗu ambulan yakan zo da kwali a ciki, an zana tafin ƙafa mai buɗewa waje, da kwanan wata da rubutun tsohon ma'aikacin gidan waya. Yakan ɗaga shi ya nuna wa mai yanka makulli, ya ce a duba, mutumin nan har yau bai iya riƙe fensir a tsaye ba, ya ƙara wa yarinya rabin lamba. Sai ya rage rabin lambar da idonsa, ya yanka fata, ya sa kwalin a akwati a bayan na goma sha tara.